Furar Dada da Maganin Mardiyya

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Yau kaina zan tona wa asiri, don haka mai dariya ta yi abarta. Ni ma yanzu da nake rubutun dariyar nake yi, amma wallahi lokacin da abin yake faruwa ko murmushi ban iya ba.

Ga wadda yau ta fara haɗuwa da ni, sunana Aziza, shekarata ashirin da takwas, ina zaune a Haɗeja gidan mahaifiyata, Inna. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijina, ya bar min 'ya ɗaya tal, Mardiyya, mai shekara takwas. Dambun kifi nake yi ina sawa a sitatus, kuma a garin da kogi yake kawo mana tarwaɗa har bakin kasuwa, alhamdulillahi sana'ar ta rufa min asiri. Ta dalilin dambun nan na haɗu da Musaddiq. Malamin gona ne, yana da tasa gonar shinkafa a fadama, dogo ne baƙi, magana ma sai ya ga dama yake yin ta. Ya fara da odar roba ɗaya, ya koma biyu, ya koma uku, har ranar da na gaji na rubuta masa, "Malam, kai kaɗai kake cinye wannan dambun?"

Ya ce, "Ni fa kifi bai dame ni ba. Abokan aikina ne suke ta ƙiba a kan soyayyata."

Na kashe data na kifa fuskata a filo, ni uwar 'ya guda.

Tun zancenmu na farko na faɗa masa sharaɗina: ƙafata ƙafar Mardiyya. Ba zan shiga gidan da za a ce in bar ta wajen Inna ba. Ya ce shi ya ji ya gani, saura mahaifiyarsa Hajiya Mairo, wadda duk gidansu suke kira Dada. Saurayi ne bai taɓa aure ba, kuma shi ne autanta, abin da ta ce shi ake yi.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne maganin.

Tun Mardiyya tana aji ɗaya ƙorafi bai yanke mana ba. Ba ta zama, tana hawa taga, tana amsa tambaya kafin a gama yin ta, yau ta bar takalmi a makaranta gobe ta bar jakar gaba ɗaya. An yi tofi, an sha rubutu, kuma Allah ya yafe min, an yi duka. Wata malamarsu ce ta ja ni gefe ta ce in kai ta wajen likitar ƙwaƙwalwar yara a Kano. Bayan zuwa uku da tambayoyi kamar za a ɗauke ni aiki, likitar ta ce sunan abin ADHD. Ta ce ba iskoki ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ba laifina ba ne. A gaban matar nan na yi kukan da ban yi ba tun takaba. Ta rubuta mana 'yar ƙwaya guda ɗaya kowace safiya. Mako biyu da farawa yarinyar nan ta dawo ta ce, "Mami, yau na ji abin da malama ta faɗa har ƙarshe." Ranar ni kaɗai na san daɗin da na ji.

Sai dai maganin ya zo da nasa halin. Da ya fara aiki cikinta yake rufewa ruf, daga hantsi har bayan la'asar, ko me ka dafa kuwa. A watan farko kusan kilo biyu ta zubar, wuya ya fito, siket ɗin makaranta sai da na sa masa fil. Akwai ranar da na manta na ba ta wajen ƙarfe goma, ranar barci ya ce bai san zancen ba. Da na koma a tsorace, likita ta rage ƙarfin maganin, ta tsara mana yini kamar jadawalin makaranta. Da asuba in cika mata ciki tukuna: kunun gyaɗa mai kauri da madara, ƙwai biyu, wani lokaci waina. Sai ƙarfe bakwai ta sha magani, kar ya wuce haka. Da rana kar in matsa mata, dabino uku da 'yar gyaɗa da gorar ruwa sun isa, don in ba ta sha ruwa ba kai yake sara mata. Wajen ƙarfe biyar in maganin yana sakinta za ta ɗan yi ƙunci, in ƙyale ta, in ajiye abinci kusa. Duk wata in ɗora ta a sikeli in rubuta. Da haka kilo biyun nan suka dawo har da ɗoriya, muka samu zaman lafiyarmu.

Dokar Inna guda ɗaya ce a kan maganar. "Kar kowa ya ji. A garin nan in aka ce kin kai yarinya likitan ƙwaƙwalwa, har ranar aurenta sai an tuna mata." Shi ya sa maganin yake can ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan gado. Musaddiq kuwa da yamma yake zuwa zance, daidai lokacin da Mardiyya take share kwano tana neman ƙari. Har tsokanarta yake yi wai gonarsa ɗaya ba za ta riƙe mu ba.

Ana nan sai Dada ta aiko, ta ce a kai mata mu ta gan mu. Na san wata za ta ce ina aka taɓa zuwa gidan surukai tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba. To ni dai bazawara ce, kuma tsohuwa ce ta kira, Inna da kanta ta ce in shirya.

Ranar Asabar na saka atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, ɗinkin riga da zani na mutunci, na yafa babban mayafi ruwan madara, turare kaɗan don kar a ce na cika rawar kai. Mardiyya na sa mata doguwar riga ruwan hoda da ɗan hijabinta. Ta sha kununta, ta sha maganinta kamar kullum. Musaddiq ya ɗauke mu a mota zuwa garinsu, Malam Madori. Ƙarshen damina ne, ruwa kwance dama da hagu, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, balbelu fari fat a kan kunyoyi. Yana tuƙi yana nuna min gonakin da ya ba wa shawara, ni kuwa ina ta maimaita gaisuwa a zuciyata.

Gidan Dada fes yake kamar an lashe. Ƙore a jere a kan danki, kowace da faifanta, daga bayan gida kana jin kukan shanu, don ruwa ya cinye wurin kiwo an dawo da masu tatsa gida. Ita kanta farar tsohuwa ce siririya, Bafulatanar asali, ga idanu masu ganin har abin da ka ci jiya. Ta karɓe mu da fara'a, ta shafa kan Mardiyya, ta ce kai wannan akwai natsuwa. Na ce a raina, Dada ba ki san dawan garin ba.

Ana idar da azahar ta jawo ƙwarya ta fara damu da hannunta. Tun a mota Musaddiq ya faɗa min furar Dada ba a ba wa kowa damunta, kuma baƙon da take so shi take fara miƙa wa ludayi. Fura ce mai yaji, nono mai kauri, man shanu yana yawo a sama. Ta tsallake ɗanta, ta tsallake ni, ta miƙa wa Mardiyya.

"Karɓi, 'yar nan."

"Na ƙoshi."

"Me kika ci?"

"Ba komai."

Dada ta yi murmushi. "To kurɓa ɗaya, don albarka."

Sai yarinyar nan ta juyo ta kalle ni. Jama'a, wannan kallon shi ya kashe ni. Ita tambayata take yi ko dole ne, don ta san likita ta ce kar a matsa mata. Amma duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san yadda ake fassara yaron da aka miƙa wa abinci a gidan mutane ya fara kallon uwarsa. Na ce, "Sha mana, Mardiyya." Ta kai ludayin baki, ta yamutsa fuska, ta ajiye. Ni na sha har ludayi biyar ina zuba santi, ina cewa ban taɓa shan irinta ba, kuma gaskiya ce. Dada ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar, ta ce Allah ya yi albarka.

Washegari da hantsi ina tsinke ƙayar kifi saƙon Musaddiq ya shigo.

"Aziza, tambaya zan yi, don Allah kar ki ji haushi. Kin taɓa ce wa Mardiyya kar ta ci abinci a gidanmu?"

"Subhanallahi. Ni? A kan me?"

"Na sani. Amma Dada ta ce yarinyar da aka ja wa kunne ce. Ta ce shekara sittin tana damu ba ta taɓa zuba wa kowa komai ba."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ta ce ba ta ƙi auren ba. Amma ba za ta riƙe jikar da ake tsoron hannunta ba. In an ɗaura, yarinya ta zauna wajen kakarta."

Na ajiye wayar a kan turmi. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba, son da ban zaci zan sake yi wa wani ba. Amma in babu Mardiyya babu auren, wannan ko a mafarki ban taɓa sassautawa ba. Maganar da za ta warware komai kuma ba ta fi layi biyu ba, na rubuta ta na goge ya fi sau huɗu.

Inna ta karɓi wayar ta sa na karanta mata. Tana jan carbi ta ce, "Abu mai sauƙi. Asabar mai zuwa ku koma, ki hana ta ƙwayar. Ta sha fura ta yi ƙat, magana ta mutu."

"Inna, likita fa ta ce kar in yi gaban kaina. Ta ce in ana son ranar hutu sai mun tsara tare."

"Likitar ce za ta aure ki?"

"Ko in faɗa musu gaskiya kawai?"

"Ki faɗa wa Fulani a gidanku akwai mai ganin likitan ƙwaƙwalwa? Mutanen da in za su sayi saniya sai sun tambayi kakarta? Yini ɗaya ne, Aziza. Yini ɗaya bai kashe kowa ba."

Kar ku ɗora wa Inna laifin ita kaɗai. Tsoro ne irin na uwa ya sa ta faɗa, ni kuma da na san komai na bi, don shawarar ta yi daidai da ragwantakata. Ranar Asabar na dafa kunu, na soya ƙwai, na bar akwati a rufe. Mardiyya ta ce, "Mami, maganina fa?" Inna ta ce, "Yau hutu. Ki je ki sha furar Dada da yawa. Kuma ban da surutu, kar ki faɗa wa kowa."

Tun a mota na san na ɗebo ruwan dafa kaina. Ta ƙirga balbelu har arba'in ta manta ta koma farko, ta sauke gilashi ta ɗaga, ta tambayi Musaddiq me ya sa shinkafa ba ta nutsewa, kafin ya buɗe baki ta tambaye shi ko kifi yana barci. Shi dariya yake ta yi. Ni kuwa gumi har cikin ɗan kunnena.

Dada ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Da azahar ta dama fura, wannan karon ta ajiye ludayin a bakin ƙwarya ba ta miƙa wa kowa ba. Kafin in yi magana Mardiyya ta dira a gabanta.

"Dada, in sha?"

Ta sha ludayi ɗaya, biyu, shida, nono har haɓa. Ta ce, "Kai, Dada, taki ta fi ta Inna daɗi nesa ba kusa ba!" Fuskar tsohuwa ta saki, har na ga wushiryarta. Na sauke ajiyar zuciya, na ce shi ke nan, Inna ta yi gaskiya. Muka shiga hira, Dada tana tambayata yadda nake busar da dambu ba ya yin fumfuna a damina. Hirar ta yi daɗi har na manta da abin da bai kamata uwar Mardiyya ta manta ba, wato in ka ji shiru ka tashi ka duba.

Ihun Musaddiq muka jiyo daga bayan gida. Na fita ko takalmi babu. A gidan masu shanu akwai doguwar igiya da ake ɗaure maruƙa a jere, dangwali, don kar su shanye nono kafin tatsar yamma. Maruƙa uku ne, duka ukun an kwance su, kowanne ya kafa kai a ƙarƙashin uwarsa yana zuƙa. Mardiyya kuma tana tsakiyar ƙafafun wata jar saniya mai sabon ɗa, saniyar tana huci tana kaɗa ƙaho. Na ga ƙafar ta tashi. Musaddiq ya fizgo yarinyar da hannu ɗaya, kofaton ya wuce ta gefen kunnenta ya daki turke. Gwiwarta kawai ta kurje a ƙasa. Ni kuwa na zauna a wurin daɓas, a kan atamfar da na yi kwana biyu ina tanadi.

Dada ta iso a hankali. Ta kalli maruƙan, ta kalli nononta na yamma yana tafiya, ta kalli yarinyar.

"Wa ya kwance su?"

"Ni ce. Kuka suke yi, Dada. Yunwa suke ji."

"Zo nan." Ta riƙe haɓarta tana dubanta. "Wancan satin kamar an dasa ki, yau kamar an kunna ki. Wace ce ke a ciki?"

"Duk ni ce. Yau ban sha maganina ba ne. In na sha ba na jin yunwa sai la'asar ta wuce. Inna ce ta ce Mami ta hana ni don in sha furarki." Ta ɗan tsaya, ta rufe baki da hannu. "Au. An ce kar in faɗa."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da yanzu wata ce take ba ku labarin nan. Musaddiq ya juyo ya kalle ni. Dada ta ce, "Maganin me?" A zaune a ƙasa, ƙudan shanu suna bin fuskata, na faɗi komai, da Kano da likita da sunan ciwon. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗebo ruwa ta wanke wa Mardiyya gwiwa, ta ce wa ɗanta, "Mai da su gida kafin hadarin nan ya sauko."

Har muka iso Haɗeja Mardiyya ce kaɗai take ta surutunta. Bayan magariba saƙon Musaddiq ya shigo.

"Wata bakwai, Aziza. Ni ne baƙon da za a ɓoye wa?"

Na rubuta masa doguwar amsa, ban kare kaina ba. Na ce tsoro ne, na ce na yi kuskure, na ce in ya fasa ba zan ga laifinsa ba, amma 'yata ba abin kunya ba ce, ni ce na mai da ita haka. Alamar ta yi shuɗi, ya karanta ke nan. Bai amsa ba.

Ranar Lahadi na kira likita na faɗa mata abin da na aikata. Ta ce in ci gaba da ba ta kamar yadda aka saba, kar in ƙara don ramuwa. Sannan ta ce, "Maman Mardiyya, hutun magani ana yin sa, amma a ranar da kike gida idonki a kanta. Ba a gidan baƙi kusa da shanu ba." Na ce na ji. Inna kuwa ranar ko carbinta a ɗaki ta ja shi.

Litinin ana kiran azahar, ina tsakar gida da tsohuwar doguwar riga duk ƙamshin kifi, na ji sallama. Dada ce. Farin mayafi, ƙwarya a naɗe cikin zane a hannunta. Na rasa inda zan sa kaina, na shimfiɗa tabarma a karkace na sake gyarawa. Inna ta fito suka gaisa, gaisuwar nan ta manya mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba, ta dai tura ƙwaryar inuwa kusa da randa.

Ƙarfe biyu Mardiyya ta dawo daga makaranta, jakarta a bayanta, takalma duka biyu a ƙafa. Ta durƙusa ta gaishe da Dada, ta ce, "Ki yi haƙuri da nononki." Dada ta ce ya wuce. Inna ta zubo mata shinkafa da miyar kifi, wadda in da yamma ce har kwanon sai an ƙwace. Ta yi cokali biyu ta ture. Inna ta buɗe baki za ta lallashe ta, Dada ta ɗaga hannu.

"Ƙyale ta, Hajiya."

Yarinya ta ɗauki dabinonta da gorar ruwa, ta zauna a bakin ƙofa tana aikin gida. Dada tana hira da Inna, amma idonta yana kan yarinyar. Aka yi la'asar. Ni ina ta kai da kawo, na wanke kwanon da na riga na wanke. Wajen biyar saura Mardiyya ta fara halin nata, fensir ya faɗi ta yi tsaki, ta ce hijabin yana cin wuyanta, ta kwanta a tabarma ta juya mana baya. Muka ƙyale ta. Can ta mirgino, ta shaƙi iska, ta ɗaga kai.

"Dada, waccan ƙwaryar fura ce?"

"Ita ce."

"Tawa ce?"

"In kina so."

Ba ta kalle ni ba. Ta jawo ƙwaryar tsakanin ƙafafunta ta buɗe faifai, muna zaune mu uku manya muna kallon yarinya tana shan fura kamar wani abin kallo ya zo gari. Da ta kusa ganin gindin ƙwarya ta ce a ɗumama mata shinkafar ɗazu.

Sai a lokacin Dada ta juyo gare ni.

"Ashe a gidan kakarta ma ba ta ci."

"Eh, Dada."

"Kwana bakwai ina juyi a kan shimfiɗa, ina cewa me aka ce musu a kaina. Na ɗauka hannuna kike tsoro. Ashe bakina kike tsoro." Na sunkuyar da kai. "Wannan na yafe, ke yarinya ce, kuma bakin mutane abin tsoro ne. Wanda ban yafe ba tukuna, ki hana 'yarki maganinta don wata tsohuwa ta ji daɗi. Da jar nan ta same ta fa? Furata za ki ɗauka ki goya?"

Hawaye suka zubo min. Inna ta gyara murya ta ce, "Hajiya, ni ce na sa ta."

"Na sani, ai an faɗa min a gaban shanu." Inna ta yi 'yar dariyar kunya, Dada ma ta yi. "Hajiya, ni kowace safiya sai na haɗiyi na hawan jini, ban taɓa ɓoye shi a ƙarƙashin gado ba. Ke, tashi ki ɗauko min nata in gani."

Na shiga ɗaki na ɗaga zannuwan gado na ɗauko. Ta juya kwalin, ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido duk da ba boko take karantawa ba.

"Ɗan wannan abin? To koya min."

Na fara bayani. Tana lanƙwasa yatsu tana maimaitawa: ciki tukuna, sannan magani, kar ya wuce bakwai. Da rana ruwa da dabino, ban da matsi. In ta fara ƙunci a ƙyale ta. Ta tambaya ko nono da sassafe zai yi a madadin madarar gwangwani, na ce sai ma ya fi. Ta tambaya in an manta har hantsi ya yi fa, na ce sai a bari sai gobe. Ta ce in sake faɗa mata daga farko, na sake.

Inna ta ce, "Hajiya, ai ba sai kin wahalar da kanki ba, mu muna nan."

"Kuna nan a gidanku. Yarinya kuma tana gidanmu." Ta miƙo min kwalin. "Ranar da wannan ta kwanta jego, wa zai tashi ya dama kunu ya ba yarinya magani in ba ni ba? Kuma ba haihuwar fari ba ce, bare ku ce za ku ɗauke min ita wankan gida."

Na ja gefen ɗankwalina na rufe fuska, na tashi da gudu na shige ɗaki, ina jin tsofaffin nan biyu suna min dariya, Mardiyya tana tambaya da cikakken baki wai mene ne jego. Na faɗa kan gado ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Musaddiq ne, bayan kwana biyu.

"Tun azahar nake ƙofar gidanku a mota, ta ce in na shigo sai ta saɓa min. Ƙafata ta sage. Me ta ce?"

Na goge idona da bayan hannu, na rubuta masa:

"Ta ce mu biyu za mu tare."